Ranar Da Na Kira Mutane Shan Shayi Kawai

'Yata da ke karatu a Ingila ce ta janyo mini. Ta turo mini bidiyon liyafar shayi da ake yi a lambun fadar Buckingham a Landan, ta rubuta a ƙasa: "Baba, dubi yadda ake shan shayi." Na duba kuwa. Mutum kusan 8,000 a kan ciyawa, maza da doguwar hula, mata da malafa mai fure, kowa riƙe da ɗan kofi a kan ɗan faranti, ba mai ture wani, ba mai cewa a ƙaro masa. Da na bi diddigi sai na tarar tun zamanin Sarauniya Victoria, a shekarun 1860, ake wannan taro, kuma a zama ɗaya akan shanye kofin shayi wajen 27,000, a cinye yankan burodi mai haɗi 20,000 da yankan kek 20,000. Tsohon malamin lissafi ne ni, nan take na raba. Kowane baƙo yanka biyu da rabi na burodi. Biyu da rabi, a gidan sarauta! Na ce ashe akwai bikin da ɗan fansho zai iya ɗauka bai ci bashi ba.

Lambu kuwa ina da shi a bayan gidanmu a Zariya, ko da yake uwargidana Hajiya wurin shanya take ce masa. Akwai bishiyar mangwaro ɗaya mai inuwa, da darbejiya, da 'yan zogale, da ciyawar da na raina da ruwan wanke-wanke. Kayan shayi ma akwai: buta da kofuna na tangaran masu bakin zinare, waɗanda Hajiya ta sayo a Jidda shekarar da ta sauke farali, ta jera a sho-gilas, ko ruwa ba a taɓa sha da su ba.

Da na nemi aronsu sai ta ajiye tsintar shinkafar da take yi.

"Malam, wa ya haihu?"

"Ba wanda ya haihu."

"To wa za a aurar?"

"Hajiya, shayi kawai za a sha."

"Shayi kawai," in ji ta, ta ci gaba da tsintarta.

A ƙasarmu ba a tara mutane haka siddan. Ko suna, ko ɗaurin aure, ko walimar sauka, ko tarbar alhazai, ko kuma, Allah ya kiyaye, zaman makoki. Shayi kuwa kullum a waje ake shan sa, a teburin mai shayi ko a majalisar ƙofar gida, samarin Damagaram da Yamai ma kan raba dare a fada suna kewaye da buta, kuma ba wanda aka taɓa aika wa kati. Saboda haka duk wanda ya buga kati ya ce babu komai, ya ba jama'a aikin nemo komai ɗin da kansu. Ruwa ai ba ya tsami banza.

Mutum goma sha biyu na gayyata, ƙarfe huɗu na yamma, wata Asabar a watan Mayu. Ƙarfe huɗun nan ma gado ne. An ce wata basarakiya mai suna Anna, matar hakimin Bedford, ita ta ƙirƙiro shayin yamma wajen 1840, don yunwa na kama ta tsakanin abincin rana da na dare. Baiwar Allah ba ta da sallar La'asar a gabanta. Ni baƙina sai da suka yi salla, suka taɓa hira a ƙofar masallaci, suka koma gida suka sake riga, sannan suka fara sallama wajen biyar da rabi. Kawu kaɗai ya saɓa, shi tun ƙarfe biyu ya iso don kada a yi babu shi, ya ci abincin rana, ya yi barci a kan kujerata.

Ban yi ƙwauron shiri ba. Ganyen Mambila na saya, wanda ake nomawa a Kakara kusa da Gembu a jihar Taraba, na kuma hana a sa masa citta ko kanumfari ko na'ana'a, don a ji ɗanɗanon ganyen. Na yanka burodi siriri, na shafa bota, na jera kokwamba a tsakani, na datse gefe-gefen kamar yadda na gani a bidiyo. Hajiya ta leƙo ta ga abin da za a ba baƙi, ba ta ce uffan ba, ta koma ta ɗora tukunyar dafa-duka, ta aika a sayo tsire. Daga baya ta ce ba za a yi da ita a gari ba.

Mai hayar kujeru shi ya fara ɓata lamarin. Kujera goma sha biyu na ce, ya kawo hamsin, ya haɗa da rumfa wai kyauta ce, ya kafa ta a ƙofar gida inda duk mai wucewa zai gani. Kowane baƙo kuma ya zo da wani: wannan da ƙaninsa, wancan da abokin da suka haɗu a hanya, matan kuwa da goyo da 'yan rakiya. Kafin in ankara kujeru hamsin ɗin sun yi kaɗan, an fara shimfiɗa tabarmi a kan ciyawata.

Duk da haka na miƙe na yi jawabi. Na bayyana cewa ba a kaɗa cokali ya yi ƙara, ba a zuƙa da sauti, ba a tsoma burodi a ciki. Ina cikin magana Kawu ya ɗaga yanka ɗaya sama yana juya shi.

"Kai yaro, wa ya ci gefen burodin nan? Ɓera gare ku a gidan?"

"Haka ake yin sa, Kawu."

"Wannan kuma ruwan bunun fa? Ciwon sukari aka ce maka muna yi?"

Ya aika aka ɗauko masa moɗa, ya juye kofi uku a ciki, ya tuttula rabin gwangwanin madara, ya zare kokwambar ya zubar wa kaji, ya marmasa burodin a ciki, ya sa cokalin miya. Mutanen da ke kusa da shi suka ga ashe akwai mafita, kowa ya shiga neman moɗa. Wani tsohon hedimasta, wanda na ɗauka shi ne zai fahimce ni, ya tsiyaye nasa a ɗan farantin yana hurawa.

Sai Goggo ta yafito ni gindin darbejiya, ta rage murya.

"Ɗan nan, 'yar wane gida ce?"

"Wace, Goggo?"

"Kada ka mai da ni yarinya. Ka dai yi wa uwargidanka kayan faɗar kishiya ko? Kada ka ba mu kunya."

Na waiga ɓangaren mata, na ga ƙawayen Hajiya sun kewaye ta, wata na dafa kafaɗarta, wata na cewa haƙuri ai shi ne aure. Hajiya kuwa, Allah ya saka mini, ta sunkuyar da kai tana karɓar jaje, ba ta musa ko kalma ɗaya ba. A ɓangaren maza an riga an yanke wani hukuncin daban: kansila nake nema. Wani ya riƙe hannuna ya ce akwatinsu nawa ne, in dai za a duba maganar kwalbatin layinsu. Samarin unguwa suka cika rumfar waje suna "Sai ka yi! Sai ka yi!" Maroƙi ma ya iso, ban san wa ya gaya masa ba, ya tsaya a tsakiyar lambu ya jingina ni da sarakunan da ko a littafin tarihi ban taɓa haɗa hanya da su ba. Da na ce masa shayi kawai ake sha, ya juya ga jama'a ya ce su ji tawali'u irin na manya.

Su ma masu lambun na asali ba su zauna ba. Kiyashi ya gano kwanon sukari tun kafin baƙi. Ƙudan zuma ya sauka a kan kek, aka bar masa. Botar ta narke ta bi ƙyallen tebur, don zafin Mayu ba ya sanin inuwa. Shirwa ta yi ta kewaya sama tana nazarin taron, har hedimasta ya ɗaga tsinken tsire yana bayani a kan lalacewar ilimi, ta sauko ta karɓe, ta bar shi da yatsa a sama. Bunsurun maƙwabci ya shigo ta ƙofar da aka bari a buɗe, ya cinye furen da na sa a kwalba, ya kama gefen ƙyallen tebur ya fara ja. Ina riƙe da ɗaya gefen muna gardama da shi, sai wani nunannen mangwaro ya sako daga sama, ya faɗa daidai kan butar Jidda. Butar ta tsira. Murfin ya yi tsalle ya shiga cikin jama'a.

Ina neman murfi ban lura gabas ta yi baƙi ba. Wanda ya zauna a Arewa ya san ruwan farko ba ya zuwa da sallama, iska yake turowa gaba da duk ƙurar da rani ya tara. Cikin minti kaɗan kowane kofi ya koma kunun ƙasa. Rumfar kyauta ta tashi da ƙafafunta huɗu ta sauka a kan katangar maƙwabci. Kujerun roba suka bi layi. Mata suka kwashi tangaran a haɓar zane suka yi cikin gida, maza suka dunƙule a zaure, aka tsuge da ruwa. Goggo ta wuce ni ina tsaye sharkaf da ƙyallen tebur a hannu, ta ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A zaure kuwa manoman cikin baƙi murna suke, ruwan shuka ya sauka, har wani dattijo ya ce takarar da aka buɗe da ruwan sama ba ta faɗuwa. Aka shafa fatiha.

Bayan Magariba aka ɗauke wuta, na kunna fitila, shinge ya taso daga ƙasa ya rufe ta. Yara suka bi shi da kofunan Hajiya suna kamawa.

A kusurwar zauren nan mai gadin layinmu yake, wani Buzu daga wajen Agadas, wanda ban ma gayyata ba. Da ya ga mutane na rawar sanyi sai ya jawo ɗan murhunsa na waya, ya hura gawayi, ya ɗora 'yar butarsa da ba ta fi dunƙulen hannu ba. Koren ganyen Sin ya zuba, da sukari mai yawa, ya bar shi ya dahu sosai, ya riƙa ɗaga buta sama yana tsiyayawa a ƙaramin gilashi yana mayarwa har kumfa ta tashi. Gilashi uku gare shi. Da su ya zagaye zauren nan kaf, dahuwar fari mai ɗaci, ta biyu, ta uku mai zaƙi, kowa ya kurɓe ya miƙa wa na kusa. Ba kiyashi, ba ƙura, ba jawabi. Na tsuguna kusa da shi na tambaye shi sirrin.

"Malam, shayin waje murfi yake so," ya ce. "Kofi kuma ƙarami, a shanye kafin ƙuda ya ji labari."

Da za a watse, Kawu ya kama hannuna ya ce wallahi bai taɓa shan shayi mai daɗin na gidana ba, amma na ƙarshen nan yake nufi.

Har yau ban ga aibin tsarina ba, wurin da mutanen da yanayin ne ba su ba da haɗin kai ba. Sai dai abin bai ƙare a ranar ba. Yaran unguwa Honarabul suke ce mini. Ƙungiyoyi biyu sun kawo takardar neman rijiyar burtsatse. Goggo ta aiko da turmin atamfa a ajiye wa amarya, Hajiya ta karɓa ta kai wa tela.

Don haka ina sanar da jama'ar unguwa da 'yan uwa na nesa da na kusa: ba na takarar komai, kuma babu wata amarya. Wanda kuma ya tsinci murfin buta na tangaran, fari mai bakin zinare, don girman Allah ya kawo shi gidan da ke da mangwaro a baya, ba za a tambaye shi komai ba. Hajiya ta rantse sai ya dawo zan daina shan shayi a moɗar roba.