Yadda Ake Shawo Kan Firintar da Ta Ƙi Buga Takarda a Mahuta

Firinta, wato na'urar da ke fitar da rubutun kwamfuta zuwa kan takarda, tana da wani hali da masu shagunan buga takardu na Mahuta, cikin ƙaramar hukumar Chikun, suka daɗe suna fama da shi: tana iya kasancewa a kunne, fitilarta kore shar, wayarta a jone, amma kwamfuta ta kafe a kan cewa ba ta ganin ta. Wannan yanayi shi ake kira oflayin, ma'ana hulɗa ta yanke tsakanin na'urorin biyu, kuma ya fi ciwo a makon da ɗalibai suka cika ƙofar shago domin buga takardar shiga jarrabawar JAMB. Ba za a ɓata lokaci kan kashewa da kunnawa ko zare waya a mayar ba, domin duk wanda ya kai ga neman shawara ya riga ya yi waɗannan har hannunsa ya gaji.

Mataki na farko ya shafi sufula, wato ɓangaren manhajar Windows da ke karɓar ayyukan bugu ya jera su a layi kafin ya miƙa wa firinta ɗaya bayan ɗaya. Idan aiki guda ya maƙale, duk na bayansa sai su tsaya cik, kuma kowane danna maɓallin bugu da mai shago ya ƙara yi cikin ɓacin rai ƙarin tsawon layin ne kawai. Maganin shi ne a tsayar da sufula, a share fayilolin da suka taru a jakar ajiyarta, sannan a sake tayar da ita. Wanda ya tsallake sharewar zai ga firintarsa ta farfaɗo ta zubo masa kwafi goma sha biyu na takardar neman aikin mutumin da ya daɗe da barin shagon, kuma asarar tona, wato garin da firinta ke bugu da shi, da ta takardar a kansa take.

Mataki na biyu na firintar da ke aiki ta hanyar sadarwa ne, wadda kwamfuta ke nema da lambar adireshi da ake kira IP. Na'urar raba intanet ce ke ba da wannan lamba, kuma tana iya sauya ta bayan an ɗauke wuta, sai kwamfuta ta ci gaba da sallama a ƙofar gidan da firinta ta riga ta tashi. Abin yi shi ne a kafa wa firintar lamba tsayayya.

Tunda batun ɗauke wuta ya shigo, wajibi ne a tsaya a kansa, domin shi ne uwar matsalar. Firintar lesa ba tawada take fesawa ba. Garin tona take narkarwa ta manna a takarda da wani ƙarfe mai zafin da ke kusantar digiri 200, kuma ɗumama wannan ƙarfe na jan wuta mai yawa a lokaci guda. Shi ya sa ƙaramin janareta ke nishi da zarar an tura aiki, fanka ta rage gudu, sitabilaiza ta hau ƙas-ƙas, kwamfuta kuma ta mutu a tsakiyar shafi, wanda hakan shi ne ke haifar da maƙalallen aikin da aka yi bayani a matakin farko. HP LaserJet 1020, wadda ta fito a 2005 kuma har yanzu take cikin shaguna da dama saboda juriyarta, ba ta riƙe manhajar aikinta idan an kashe ta, kwamfuta ce ke tura mata a duk lokacin da ta kunnu, don haka kowace ɗaukewar wuta sabuwar gaisuwa ce daga tushe. Abin takaici ne ƙwarai a ce mai sana'a a unguwar da ke maƙwabtaka da matatar man da aka buɗe a 1980 sai ya aiki yaro da galan ya sayo lita ɗaya ta fetur kafin ya buga shafi biyu, ribar shafukan kuma ba ta biya kuɗin man ba. Babu wani saiti a cikin kwamfuta da ke gyara wannan.

Mataki na uku shi ne direba, manhajar da ke yi wa na'urorin biyu tafinta, kuma a sauke sabo idan akwai data.

Ƙura ta fi direba cancantar bayani. A lokacin hunturu takan lulluɓe robar da ke jan takarda har ta yi santsi, sai firinta ta yi ta juyi a banza tana cewa babu takarda alhali tire a cike yake, kuma tsumma mai ɗan danshi ya isa ya gyara ta. Da damina kuwa takardar ce ke shan laima ta manne da 'yar'uwarta, shi ya sa ya kamata rim mai takarda 500 ya zauna cikin ledarsa. Sai katirij, wato mazubin tona, da aka yi ta cikawa har gangarsa ta gaji, wanda ake cirowa a girgiza a mayar, ya ba da shafi kaɗan masu kyau, sannan ya koma zana baƙin layi a daidai kan hoton ɗalibi.

Mataki na biyar, ko na shida, domin lissafin ya rikice tun a wajen janareta, shi ne wanda masu shaguna suka fi amfani da shi: a tura fayil ɗin ta WhatsApp zuwa shagon maƙwabci, idan nasa injin na da mai. Idan babu, ɗalibar da jarrabawarta ke da safe za ta hau Keke Napep zuwa Sabon Tasha kafin magariba, ta biya kuɗin mota da ya ninka kuɗin bugun sau da yawa, mai shago kuma ya mayar mata da kuɗinta yana ba ta haƙuri.