Sannu da Ƙoƙari, Dattawan Austin

Duk bayan shekara biyu, idan Janairu ya kama, majalisar dokokin jihar Texas ta Amurka takan zauna a birnin Austin na kwana 140, sannan kowa ya kama gabansa. Kafin zaman, gundumomi kan tsara takardar buƙatunsu su aika: ga abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya, a dube mu. Cikin gundumomi 254 na jihar, Harris ce babba, a nan birnin Houston yake. Mutanenta miliyan 4.7 ne a ƙidayar 2020, sun fi na jihar Louisiana kaf. To, mai neman ya ga yadda manya ke sauraren na ƙasa da su, ya zo Austin ya sha kallo.

A zaɓen 2020, ana tsakiyar annobar korona, Harris ta yi rashin kunya. Ta bar wasu rumfunan zaɓe a buɗe har gari ya waye, ta kuma yarda mutum ya jefa ƙuri'a yana cikin motarsa. Kimanin mutum 127,000 suka yi zaɓe a mota. Ka duba fa, ma'aikaciyar jinya ta tashi daga aiki ƙarfe biyun dare, ƙafafu a kumbure, takalmi na matsa ta, maimakon ta nufi gado sai ga ta a rumfar zaɓe. Wane mai imani zai zuba ido? Shekara na zagayowa majalisa ta haramta duka biyun. Yanzu baiwar Allah sai ta yi barcinta, an ɗauke mata wahalar zaɓen shugabanni.

Abin da ya fi burge ni shi ne alkunyar 'yan majalisar. Tsarin mulkin jihar ya hana a ware wuri guda a yi masa doka ta musamman a kan irin waɗannan al'amura. Saboda haka a 2023, da suka tashi rushe ofishin jami'in zaɓen Harris, ba su kama suna ba, kamar uwa da ɗan fari. Cewa suka yi dokar ta shafi duk gundumar da mutanenta suka haura miliyan 3.5. Aka duba gabas, aka duba yamma, guda ɗaya ce tak. Madalla da tarbiyya!

Gundumomi sun daɗe suna kukan cewa su ke ɗaukar nauyin gidajen yari da kotuna da lauyoyin marasa galihu. An ji kukan. A 2019 aka ce kuɗin da suke tarawa daga harajin kadarori kada ya ƙaru fiye da kashi 3.5 cikin ɗari a shekara sai da ƙuri'ar jama'a. Kayan jaki na nan yadda suke, harawa aka rage, don kada ƙiba ta hana shi tafiya.

Birane ma ba a manta da su ba. Austin da Dallas sun taɓa wajabta wa 'yan kwangila su bai wa leburan gini hutun minti goma duk awa huɗu, su sha ruwa su shiga inuwa. A watan Yunin 2023, lokacin da kwalta ke ƙona tafin ƙafa, Gwamna Greg Abbott ya sa hannu a dokar da ta karɓe irin wannan iko daga birane da gundumomi. Minti goma ai almubazzaranci ne. Mutumin da ke kan rufi da guduma, riga ta manne masa a baya, ya haɗiye yawu mana.

Sai maganar ambaliya. Guguwar Harvey ta 2017 ta shigar da ruwa gidaje sama da 150,000 a Harris. A 2021, da hukumar filaye ta jihar ta raba kusan dala biliyan ɗaya na rigakafin ambaliya, gundumar Harris da birnin Houston ba su sami ko sisi ba. Sai da aka yi ta kururuwa aka yi wa gundumar alkawarin dala miliyan 750. Masu gidajen da har yau gabansu ke faɗuwa in hadari ya haɗo, sai su ƙara haƙuri, su sake rubuto takarda. Akwai aljihun tebur a Austin da bai cika ba tukuna.