Yadda Muke Yi a Samaru In An Rufe Jami'a

Mu mutanen Samaru ba sai rediyo ta gaya mana ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, ta tafi yajin aiki ba, a bakin titi muke gani. Mai fotokwafi ya zauna ya zuba tagumi, mai shayi ya rage ƙwai da burodin da yake sarowa, masu gidajen haya a Hayin Dogo da Ɗanraka su shiga ƙirga ɗakunan da aka garƙame. Tun da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, cinikinmu da ita yake tashi, da ita yake kwanciya.

Mun kuwa sha gani. Yajin aikin 2013 ya kusa wata shida. Na 2020 ya haɗu da korona, aka ci wata tara. Na 2022 ya ɗauko daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, gwamnati kuma ta riƙe albashi, ta ce ba aiki ba biya. Galibi a kan yarjejeniyar 2009 tsakanin ASUU da gwamnati aka yi ta wannan ja-in-ja.

To, a nan ne nake alfahari da unguwarmu. Mai kanti zai buɗe wa malamin jami'a shafi a littafin bashi, ya ce, "Malam, ɗauki kawai, in an biya ma yi magana." Ba zai faɗa a gaban jama'a ba, sai bayan isha'i yaro ya zo ya ɗauki shinkafa da mai. Mata a adashensu sukan matso da kwasar matar Malam gaba ba tare da ta roƙa ba. Malaman ma ba su zauna ba: wani ya kama gona wajen Shika ko Bomo ya zuba masara, wani ya mai da motarsa ta haya zuwa Kaduna. Ɗalibai kuma, wannan ya shiga shagon ɗinki, wancan gyaran waya, wata ta koyi haɗa humra da turaren wuta. Rufin asiri dai, mun iya shi.

Abin da ba mu iya ba shi ne bakinmu. Yaro ya shigo majalisa ya gaishe mu, sai wani ya ce, "Kai har yanzu ba ka gama ba?" Shi ya rufe makarantar? Karatun shekara huɗu ya koma shida, sa'o'insa da suka je jami'o'in kuɗi sun riga sun fito, shi kuma yana lissafin kada shekara 30 ta riske shi a hana shi bautar ƙasa. Yarinya kuwa kullum ana yi mata zancen aure, kamar karatun nata ya mutu ke nan. Sai ka ga yaro mai fara'a ya daina fitowa, ya wuni yana barci, ya kwana riƙe da waya, abinci ma sai an matsa. Mu ce lalaci ne, ko mu ce jifa aka yi masa. In mun kyauta mu ce "sai haƙuri" mu wuce. Ta nan wasu suke faɗawa shan ƙwaya, muna kallo.

Addu'a wajibi ce, amma ciwon damuwa ciwo ne, kuma yana da likita. Asibitin koyarwa na Shika ga shi kusa da mu, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. Kafin a kai ga nan ma, kawu ko yaya ya ja yaron gefe ya tambaye shi abin da ke damunsa, ya yi shiru ya saurara, ya ja shi filin ƙwallo da yamma. Na ga gidajen da wannan kaɗai ya dawo musu da ɗansu.

Yanzu ko ba yajin aiki hankali ba a kwance yake ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota da na abinci suka haura, kuɗin rajista ma haka. An fara ba da lamunin karatu na NELFUND a 2024, yaranmu masu ido a kan kwamfuta suna taya 'yan uwansu cike fom. Duk da haka, ran da aka buɗe makaranta sai an bi gida gida an duba wa bai koma ba, domin mai jin kunya ba zai ce kuɗin rajista ne ya gagara ba. In an gano shi, a majalisa ake haɗa kuɗin, a ba mahaifinsa a ɓoye.