Zuwa Ga Tiger Na Falgore

Gaisuwa irin ta ubangida zuwa ga bawansa. Taubashina, labari ya same ni har Kano cewa rakenka ya yi kuɗi bana, mazarƙwaila ta tashi, sai ka rasa abin yi da ribar, ka sayo jakar sandunan golf na gwanjo da farar hula, ka koma Falgore ka ce daga yau a riƙa kiranka Tiger. Goggo ta aiko a tambaye ni ko abin yana da magani. Na ce ta kwantar da hankalinta, yana da shi, sai dai ɗanta ba ya shan magani in ba shi ya haɗa ba.

Yaranka sun turo min bidiyon, Allah ya yi musu albarka. Ga ka a fako bayan gari, ka naɗe babbar riga a kafaɗa, autanka na riƙe maka waya kana kallon Tiger Woods yana bugu. Ka ɗaga sanda sama da kai, ka cije leɓe, ka sauke ta kamar mai faskare. Ƙura ta turnuƙe, ɓantaren ƙasa ya yi gaba, da ta lafa sai ga ƙwallo zaune inda ka ajiye ta, ko gezau. A bugu na gaba ta tashi, amma ta yi kwana dama ta nufi awakin maƙwabcinka. Na ji muryarka kana cewa iska ce.

Iska ba ta da laifi, malam. Ƙwallon da ta karkata dama ga mai bugu da hannun dama tana faɗa maka fuskar sandar a buɗe take lokacin da ta same ta, kuma ka yanko ta daga waje. Ƙasar da ka fara tona kafin ƙwallo tana nuna nauyinka ya maƙale a ƙafar baya. Ƙwararru ƙwallon suke fara samu, sannan sandar ta shafi ƙasa a gabanta. Ƙarfin bugun daga juyawar ƙugu da kafaɗa yake fitowa, hannu rakiya yake yi. Kai kuwa ƙugunka ya daɗe da yin sallama da juyawa, tun da tumbi ya karɓi mulki.

Na san abin da za ka ce: ai ga gwanin duniya a waya, me za ka yi da wani malami? To waya tana nuna maka Tiger, amma ba ta ganinka. Shi kansa Tiger ɗin, a 1997 ya cinye gasar Masters yana ɗan shekara 21, ya ba na biyu ratar bugu 12. Duniya na tafa masa, shi kuma ya kalli bidiyon wasansa ya ce bugun bai yi masa ba. Ya koma gaban malaminsa Butch Harmon suka warware shi suka sake ɗinkawa. Wanda ya ci Masters ke nan. Kai da ko awaki ba ka samu ba, ka ce ka wuce gyara.

In ma kwaikwayo kake so, akwai yadda ake yinsa. Vijay Singh na ƙasar Fiji, wanda ya ci gasar Nigerian Open a Ikoyi ta Legas a 1988, ya kuma ture Tiger daga matsayi na ɗaya a duniya a 2004, bugun Tom Weiskopf ya ɗauka abin koyi tun yana yaro. Dogo ne ya kwaikwayi dogo ɗan'uwansa, ga kuma mahaifinsa mai koyar da wasan tsaye a bayansa yana gyara masa. Ka dubi ƙirarka a madubi ka gaya min tsakani da Allah ta ina kuka haɗa hanya da Tiger.

Abin da ke hana ka zuwa Kano na san shi, ba kuɗin mota ba ne. Filin golf na nan tun zamanin Turawan mulkin mallaka, kuma da yawa daga cikin ƙwararrun ƙasar nan da ɗaukar wa manya jaka suka fara. Kai kuma Alhaji guda, mai gonar rake, ba za ka tsaya wanda bai kai ƙaninka ba ya kama maka yatsu yana cewa "sassauta riƙon, Baba" ba. To haka zai yi. Zai karɓe doguwar sandar nan mai ƙaton kai da kake tinƙaho da ita, ya miƙa maka lamba 7, ya sa ka rabin bugu har ka gundura. Zai aza sanda a ƙasa daidai yatsun ƙafarka ka ga inda ka dosa da gaske. Zai ɗauke ka a waya daga baya, ka ga kanka yadda mutanen Falgore suka daɗe suna ganinka suna haƙuri. Sanduna 14 doka ta yarda a zuba a jaka, ramuka 18 ake zagayawa, kuma duk bugun da ka yi niyya ka kuskure sai an ƙirga shi. Wannan dokar ta ƙarshe ita ce za ta fi yi maka ciwo, don na san lissafinka tun muna raba gyaɗa a zauren Kaka.

Saboda haka kuɗin sharar da na saba ba ka a watan cika-ciki, bana ba za su shiga hannunka ba. Na ware su na darasinka na farko. Ka biyo motar Karaye da sassafe, ka bar babbar riga a gida, ka taho min da mazarƙwaila mai kyau, ba irin ta bara ba. Maƙwabcinka kuma ya ce a gaya maka akuyarsa na da ciki.