Baƙin Ƙyalle a Fadar Doje

Wani taro ne ya kai mu Italiya. Da aka tashi sai kwana guda ya rage mana, Yallaɓai ya ce ba zai koma gida ba sai ya ga garin nan da aka ce an gina a kan ruwa. Ba zan faɗi sunansa ba, ba kuma zan faɗi kujerar da yake kai ba. Ku dai ku sani mutum ne da in zai fito ake share hanya, kuma hotonsa ya fi shi yawo. Mu uku muka tafi: shi, da yaron da ke riƙe masa wayoyi, da ni mai yi masa tafinta.

Venis ba ta san jerin gwanon motoci ba. Daga tashar jirgin ƙasa ko dai ka taka sayyadarka, ko ka shiga jirgin ruwan haya ka cakuɗu da kowa. Tsibirai ne fiye da 100 aka ɗinke da gadoji sama da 400, gidajen kuma suna tsaye a kan turakun itace da aka kafa cikin laka. Haka muka gangara har Dandalin San Marko, inda fadar take a bakin ruwa. Doje shi ne sunan sarautar shugaban tsohuwar Jamhuriyar Venis. An soma wannan ginin a 1340, tun 1923 kuma ya zama gidan tarihi. Wanda ya saba ganin gidan mulki a bayan katanga zai yi mamaki, don ƙasan duk ginshiƙai ne da bakan gizo masu tsini, salon da Turawa ke kira Gotik, mai wucewa na iya raɓawa ya sha inuwa. Jibgegen bangon, na farin dutse da mai ruwan hoda, a sama aka ɗora shi, kamar an kifa ginin.

A ƙofa muka tarar da layi. Yaron ya je ya raɗa wa mai duba tikiti ko wane ne ya zo. Mutumin ya yi murmushi, ya nuna mana ƙarshen layin.

Ran Yallaɓai bai wartsake ba sai da muka hau Matakalar Zinariya, wadda aka shafe rufinta da ruwan zinariya. Nan ya tsaya, ya gyara babbar riga, ya ce a ɗauke shi ta gaba da ta gefe. "Malam, tambaye ta nawa wannan zai ci a yanzu," in ji shi. Matar da ke zagayawa da mu ta ce ba ta sani ba, amma ta san mai gidan ba shi da ikon ɓantarar ko ƙwaya daga ciki. Sai ta shiga lissafa mana rantsuwar da kowane Doje ke yi ranar naɗi. Ba zai buɗe wasiƙar wata ƙasa ba sai a gaban mashawartansa. Ba zai gana da jakada shi kaɗai ba. Ba zai bar gari ba sai da izini. Kyauta ba ya karɓa, in ban da ƙananan abubuwa irin su furanni da ruwan wardi. 'Ya'yansa kuwa an toshe musu hanyar manyan muƙamai muddin yana kan kujera.

Na fassara masa kalma bayan kalma. Ya ce, "To wannan ai fursuna ne."

Na ce, "Ranka ya daɗe, haka suka so shi."

Ta ƙara da labarin kuɗi. Doje Nikolo Tron, wanda ya yi mulki daga 1471 zuwa 1473, ya sa an buga kansa a jikin sulalla kamar yadda sarakunan maƙwabta ke yi. Yana mutuwa aka hana. Daga nan duk Dojen da zai fito a kuɗi sai dai a durƙushe gaban San Marko, wanda garin ya ɗauka waliyyinsa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na 1501. A shekarar Agostino Barbarigo ya mutu, mutane suna ta gunagunin ya cika karɓar kyauta da cusa danginsa a ko'ina. Sai majalisa ta naɗa mutum uku su binciki mamacin, abin da aka samu ya ci ba bisa ƙa'ida ba a karɓo daga magadansa. Abin ya zama al'ada: Doje na mutuwa, masu bincike na buɗe littafi. Wannan ban samu damar fassarawa ba, don waya ta shigo, Yallaɓai ya koma gefe yana ba da umarni a kan girman allon da za a kafa a bakin wata rijiya.

Kada mai karatu ya ɗauka ina yi wa mutanen Venis kirarin adalci. Masu kuɗi ne suka kulle mulki a cikin gidajensu tun 1297, talaka ba shi da ƙuri'a. A cikin wannan fadar akwai ɗakin azabtarwa, akwai kurkukun ƙasa mai danshi da suke kira rijiyoyi, akwai na sama ƙarƙashin rufin dalma, inda wani fursuna mai suna Kasanoba ya tsere a 1756. A bango akwai bakunan zaki na dutse da a da ake jefa takardar ƙorafi a ciki, ko da yake a ƙa'ida wadda ba sa hannu ba shaidu ba a cika kula ta ba. Abu guda dai suka gane, kuma suka riƙe shi gam: wanda aka ɗora a kai, shi ya fi kowa bukatar takunkumi.

Daga nan muka shiga zauren Babbar Majalisa. Tsawonsa mita 53, faɗinsa 25, ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Bango guda zanen Aljanna ne na mai zane Tintoreto, can sama kuma, dab da rufi, an jera hotunan Doje 76. Idon Yallaɓai ya yi haske. Ya ce irin wannan jerin yake so a ofis, nasa ya ɗan fi na sauran girma tunda shi ne mai ci. Yana bin su da yatsa har ya kai inda babu fuska, sai zanen baƙin ƙyalle da rubutu a kai.

"Wannan fa? Fenti ne ya ƙare musu?"

Gurbin Marino Faliyero ne. An zaɓe shi a 1354, dattijo, jarumin yaƙi, wanda ya yi wa garin hidima shekara da shekaru. Bai yi wata bakwai cikakku a fada ba ya ga rantsuwar ta matse shi, ya haɗa baki da wasu ma'aikatan jiragen ruwa a kan a kashe manyan gari a dare guda, mulki ya zama nasa shi kaɗai. Zancen ya fasu. Wata majalisa da ake kira Majalisar Goma ta zauna a kansa, ya amsa laifi, ranar 17 ga Afrilu 1355 aka cire masa hular sarauta aka fille masa kai a kan matakalar da ya yi rantsuwa. Rubutun bai ambaci yaƙin da ya ci ba, ya ce dai nan ne gurbin wanda aka sare saboda laifi. A 1577 gobara ta cinye zauren ƙurmus. Da aka zo sake zana hotunan, bayan shekara fiye da 200, jikokin jikoki ba su ce a bar kaza cikin gashinta ba. Suka sake zana ƙyallen a inda yake.

Wannan karon na fassara duka, a hankali, ban tsallake komai ba. Yallaɓai ya yi shiru har na soma jin tsoron na yi katoɓara. Can ya nisa ya ce, "Allah sarki. Ka ga illar rashin yara masu riƙe sirri." Yaron ya ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe."

Gadar da fursunoni suke bi a da zuwa kurkuku muka ratsa da sauri, ya ce wurin ya cika ƙunci. Mun fito ta Ƙofar Takarda, wadda a samanta aka sassaƙa Doje Faranchesko Foskari a durƙushe gaban zaki mai fukafukai. Shekara 34 ya yi yana mulki, aka kama ɗansa da laifin karɓar kyauta aka kore shi daga gari uban na kallo, shi ma a 1457 aka sa shi ya sauka. Yallaɓai ya ce a ɗauke shi da zakin, amma a karkata wayar yadda tsohon nan ba zai shigo ba.

Bayan mun dawo da mako biyu yaron ya turo mini hotunan tafiyar, ya ce an riga an kira masu aikin silin sun ga na matakalar, za a yi irinsa a sabon falo. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe. Babu na baƙin ƙyallen.