Rabe-raben 'Yan Wasan Sudan a Sikelin Alsahafa

Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasar Sudan, wadda magoya bayanta ke kira Sukur al-Jidyan, tana cikin dattawan nahiyar Afirka. A Khartum aka kafa hukumar CAF a watan Fabrairun 1957, Sudan na cikin ƙasashe huɗun da suka kafa ta tare da Masar da Habasha da Afirka ta Kudu, kuma a nan aka buga gasar cin kofin nahiyar ta farko. Sudan ta zo ta biyu a 1959 da 1963, sannan ta ɗauki kofin a gida a 1970 bayan ta ci Ghana ɗaya da nema. Tun daga ranar kofin bai sake waiwayarta ba. Dogon jiran nan ne ya haifar da fannin ilimi mai zaman kansa, wato tantance 'yan wasa, kuma ɗaya daga cikin manyan makarantunsa tana Alsahafa, unguwar da ke kudancin Khartum kusa da tashar mota ta Mina al-Barri da kasuwar Suk al-Markazi. Azuzuwan su ne gidajen kallo da gindin darbejiya inda mata masu shayi ke jera 'yan kujerunsu. Masu ɗaukar darasi sun haɗa da direban raksha, da ma'aikacin gwamnati, da Hausawan unguwannin kudancin birni, da 'yan Najeriya da Nijar masu karatu a Jami'ar Afirka ta Duniya. Ba a naɗa malami, domin kowa malami ne. Bayanin da ke tafe ya shafi tsarin yadda yake kafin yaƙin 2023, sai ƙarin da aka samu daga baya.

Ƙa'idar farko ita ce ba a auna ɗan wasa sai an leƙa rigar da ke ƙarƙashin rigar ƙasa. Akasarin 'yan wasan Sudan daga kulob biyu na Omdurman suke fitowa: Al-Merrikh mai ja da rawaya, wadda ta ɗauki wannan suna a 1927, da Al-Hilal mai shuɗi, wadda aka kafa a 1930. Saboda haka kowane ɗan wasa maki biyu gare shi a wasa guda. Ɗan bayan Hilal da ƙwallo ta bi ta tsakanin ƙafafunsa, a wajen shuɗaye iska ce ta yaudare shi, a wajen jajaye kuwa haka yake tun yana yaro. Jaridun wasanni irin su Goan da Al-Sada, waɗanda kowa ya san ɓangaren da kowaccensu ke jingina, su ke raba hujja da sassafe, kafin a gama karin kumallo da dafaffen waken ful.

Jinsin da ya fi kowanne daraja shi ne Gwarzon Saba'in, kuma da shi ake auna sauran. A nan ake samun Nasruddin Abbas da aka fi sani da Jaksa, da Ali Gagarin, da Hasabu al-Saghir wanda ya ci ƙwallon da ta ba Sudan kofi. Siffar wannan jinsi ita ce bai taɓa kuskure ba. Bai taɓa satar fage ba, bai taɓa neman alawus ba, kuma wasansa ƙara kyau yake yi duk shekara tun bayan da ya ajiye takalmi. Mai riƙe da isnadinsa shi ne tsohon da ke zama kusa da talabijin, da farar jallabiya da rawani, wanda ya rantse yana cikin filin ranar. Idan aka tara duk masu wannan rantsuwa, to filin Khartum na 1970 ya ɗauki rabin ƙasar. Yaron da ya kuskura ya ce, "Kawu, ai na ga bidiyon, ƙwallon ba daga tsakiyar fili aka bugo ta ba," amsarsa ɗaya ce: "Ɗana, kai bidiyo ka gani, ni ƙwallo na gani." Wannan jinsi yana da uzuri tabbatacce game da lalacewar da ta biyo baya, wato matakin da Shugaba Ja'afar Numairi ya ɗauka a 1976 na rushe kulob-kulob da sunan mayar da wasanni hannun talakawa, abin da ya kora 'yan wasa da dama zuwa ƙasashen Larabawa. A kan wannan batu kaɗai shuɗaye da jajaye ke gyaɗa kai tare.

Na biye da shi shi ne Zakin Gida. Ranar karon Hilal da Merrikh yana iya sa kansa inda wani ke tsoron sa ƙafa, ya fita da bandeji ya dawo. Da ya sa rigar ƙasa sai ya tuna yana da gwiwa, yana da iyali, kuma akwai wasan lig ranar Juma'a. Masana suna kafa hujja da gasar Ghana ta 2008, wadda Sudan ta halarta bayan rabuwa da gasar tun 1976. Zambiya ta ci ta uku ba ko ɗaya, Masar ta ci ta uku ba ko ɗaya, Kamaru ma haka. Ba a taɓa zargin ƙungiyar da nuna bambanci tsakanin baƙi ba. An raba ƙwallayen nan tara tsakanin 'yan bayan kulob biyun, amma har yau ba a daidaita kan kason kowa ba.

Akwai Mai Laƙabin Aro, jinsin da Sudan ta fi kowa yawansa. Asalinsa filin ƙasa na unguwa, inda ake wasan da suke kira dafuri, da duwatsu biyu a matsayin raga. Yaro ya yanke mutum biyu, kafin magariba ya zama Maradona. Yawancinsu kayan aro ba ya rufe musu katara, sai su tsufa da sunan ba tare da ƙafar ba. Amma jinsin yana da waɗanda suka biya bashin sunan. Mudassir al-Tayyib, wanda ake kira Careca da sunan ɗan wasan Brazil, shi ya ci Burkina Faso ƙwallo biyu a gasar 2012, nasarar farko da Sudan ta samu a gasar tun 1970, har ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas kafin Zambiya ta tare ta. Kocin ma, Muhammad Abdallah, ba wanda ya san shi sai an ce Mazda.

Mai Sarauta ya cancanci dogon bayani, domin a kansa aka fi ɓata shayi. Shi ne wanda ba ya gudu. Yana tafiya a tsakiyar fili hannu a sake, ya karɓi ƙwallo, ya dubi gabas, ya tura ta yamma, ta sauka daidai ƙafar wanda bai ma san ana nemansa ba. Masoyansa sun ce kai ne ke aiki; maƙiyansa sun ce rigarsa ba ta buƙatar wanki bayan wasa. Sudan ta yi sa'a, ko rashin sa'a, ta samu biyu a zamani ɗaya: Haisam Mustafa, kyaftin ɗin Hilal da ake kira Yarima, da Faisal al-Ajab, kyaftin ɗin Merrikh da ake kira Sarki. Gaskiyar magana duka biyun gwanaye ne, ɗaya a raba ƙwallo, ɗaya a riƙe ta da cin ta. Sai dai wannan hukunci ba ya karɓuwa a Alsahafa, inda cewa duka biyun sun iya daidai yake da cewa mutum bai san ƙwallo ba. Idan Sudan ta ci, mai sarautar ɓangaren mai magana ne ya shirya. Idan aka ci ta, ɗayan ne ya ƙi dawowa baya.

Daga nan ake gangarawa kan Mai Sauya Sheƙa, jinsin da ke tona asirin sikelin gaba ɗaya. Nisan filin Hilal da na Merrikh ba ya wuce tafiyar ƙafa, amma wanda ya tsallaka shi sai an sake auna shi tun daga haihuwa. Haisam Tambal ya tsallaka, Haisam Mustafa kansa ya tsallaka bayan shekaru masu yawa a Hilal, Bakri al-Madina ma ya bi. A daren da aka sa hannu, shuɗaye kan gano cewa mutumin dama ya tsufa, ba ya jin magana, kuma ƙwallayen da ya ci duk abokansa ne suka haɗa masa. Jajaye kuma, waɗanda jiya suke cewa ba shi da ƙafar hagu, sai su tuna tun yana ƙarami suke hango shi. Ƙwallon da Bakri ya ci Najeriya a Khartum a Oktoban 2014, lokacin Stephen Keshi, ta shiga wannan rikici: yana Hilal ya ci ta, ba da jimawa ba ya koma Merrikh, saboda haka kowane ɓangare na da'awar rabinta.

Wasan Sudan da Najeriya yana da ƙa'ida ta daban, domin a ranar ake ajiye shuɗi da ja a ɗauko wani rabon. Bahaushen da aka haifa a Khartum, wanda kakansa ya taso daga Kano ko Sakkwato a ƙafa da niyyar Makka ya tsaya a hanya, ɗan Sudan ne har ɓargo, Sukur yake goya wa baya. Ɗalibin da ya zo daga Katsina bara yana zaune a kujerar gefensa, suna shan gahawar jabana daga tukunya ɗaya, suna tsokanar juna da Hausa ɗaya. "Malam, ina Super Eagles ɗin naku?" in ji mai gida a 2014. A Janairun 2022, da Najeriya ta ci Sudan uku da ɗaya a Garwa ta Kamaru, ɗalibin ne ya biya kuɗin shayin kowa, don kada wani ya tashi kafin ya gama bayani.

Masu tsaron gida kuwa da Hamid Biraima ake gwada su, wanda ya tsare ragar Merrikh a 1989 lokacin da ta ɗauki kofin Mandela a hannun Bendel United ta Najeriya. Reshen da aka fi nazari a cikinsu shi ne Mai Ciwon Minti Saba'in. Matuƙar Sudan na gaba da ƙwallo ɗaya, da zarar ya cafke ƙwallo sai ya rungume ta ya kwanta, ya dubi alƙalin wasa da ido ɗaya, ya ɗaga hannu. Likita ya shigo da gudu, a fesa magani a kafaɗa, sai ya nuna ƙafa. A kwance igiyar takalmi, a ɗaure, a cire safar hannu, a sha ruwa. Idan Sudan ke baya, wannan mutumin lafiyarsa ƙalau, ko rauni ya ji ba ya yarda. 'Yan kallo suna kiran wannan hikima idan nasu ne, rashin kunya idan baƙo ne. Idan kuma ƙwallo ta bugi turke sau biyu ta ƙi shiga, ba a yaba wa kowa. Ana cewa aikin anatin ne, wato masu asirin ƙwallo, kuma a duba tawul ɗin da aka rataya a raga.

Sauran ƙananan jinsuna ba sa buƙatar tsayawa. Akwai ɗan baya Mai Aike Sama, wanda a wajensa duk ƙwallon da ta bar ƙasa ta bar haɗari. Akwai ɗan gefe Mai Gudun Banza, wanda ke wuce mutum uku ya wuce layi ya manta da abin da ya kawo shi. Akwai Ɗan Ɗaya ga Janairu, wanda takardar ƙiyasin shekaru ta ba shi ranar haihuwar da dubban 'yan ƙasar ke da ita, kuma kullum ana samun mai furfura a gidan kallo da zai rantse ajinsu ɗaya a firamare. Jami'in hukuma ba ɗan wasa ba ne, amma an ba shi gurbi tun 2012, lokacin da Sudan ta ci Zambiya, zakarar Afirka, biyu ba ko ɗaya a wasan neman gurbin Kofin Duniya, sai FIFA ta mayar da sakamakon uku ba ko ɗaya ga Zambiya saboda an sa ɗan wasan da ke ƙarƙashin dakatarwa.

Jinsi biyu suna da hali ɗaya: darajarsu tana ƙaruwa gwargwadon rashin ganinsu. Ɗan Lardi yana wasa a Ahli Shandi ko Amal Atbara ko Hilal al-Ubayyid ko Hayy al-Arab ta Port Sudan. Da yake ba na kowa ba ne, kowa na yabonsa, kuma rashin kiransa shi ne hujjar cewa koci makaho ne. Yabon yana ƙarewa a lokacin rajistar 'yan wasa, ranar da ɗaya daga cikin manyan biyu ta saye shi, rabin masoyansa su gano lahaninsa. Ɗan Waje kuma ya tashi a Turai, kamar Yasin Hamid da aka haifa a Romaniya, ko Muhammad Isa da ƙanensa Abu Isa da suka yi wasa a ƙananan lig-lig na Ingila. Kafin irin wannan ya sauka, ana cewa shi ne maganin komai. Da ya taɓa ƙwallo sau ɗaya gani ya kori ji, sai muhawara ta koma kan ko zai iya da rana.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya watsa makarantar. Kudancin Khartum ya zama fagen daga, mutanen Alsahafa da yawa suka bazu zuwa Port Sudan da Alƙahira da Jidda da Kampala, muhawarar ta koma WhatsApp. An dakatar da lig, Hilal da Merrikh suka buga kakar 2024 zuwa 2025 a lig ɗin Muritaniya. A nan aka samu jinsi na ƙarshe, Ɗan Wasa Mara Gida, wanda wasansa na gida a Juba ko Bengazi ta Libiya yake yi, yana atisaye yana duba waya don jin labarin mahaifiyarsa. Ƙarƙashin Kwesi Appiah, ɗan Ghana da ya taɓa horar da kulob ɗin Al-Khartum, waɗannan suka yi canjaras da Ghana a Accra a Oktoban 2024, suka ci ta biyu ba ko ɗaya a Bengazi bayan 'yan kwanaki. A wannan mako ba a samu wanda ya tambayi kulob ɗin kowa ba. Sassaucin bai wuce wata guda ba: a Nuwamba Nijar ta ci Sudan huɗu ba ko ɗaya, aka buɗe tsofaffin littattafai, aka raba ƙwallayen tsakanin shuɗaye da jajaye kamar yadda aka saba. Canjaras da Angola ya kai Sudan gasar cin kofin Afirka ta Maroko, Ghana ta zauna a gida. A Agustan 2025 kuma, a gasar 'yan wasan cikin gida ta CHAN, Sudan ta zura wa Najeriya huɗu ba ko ɗaya a Zanzibar, tsofaffin ɗaliban Jami'ar Afirka da ke Kano da Katsina suka kwana wayoyinsu a kashe.