Masu Neman Makoma a Gaban Kwamfuta

Da sakamakon bak ya fito, sai siba ta Magarya ta cika da ƴan Guci da Dungas, kowa na son kwamfuta ta faɗa masa aikin da ya dace da shi. Ita tambaya kawai ta iya: me kake so, me ka iya, wane seri ka yi.

Akwai mai ɗaukarta boka. Sunansa da na mahaifiyarsa zai ba ka, ya naɗe hannu yana jiran a buga ƙasa. Wani kuma da takardar haihuwa da hotuna yake zuwa, wai an ce masa na'urar na ɗaukar ma'aikata a SORAZ.

Gwanina shi ne ɗan duwan. Tun yana yaro ya hango kaki a bakin iyaka, zuciyarsa ba ta dawo ba.

"Kana son kula da marasa lafiya?"

"Mushe, ƴan duwan na yi?"

"A'a."

"To danna a'a."

"Lissafi fa?"

"In na kuɗi ne."

Na'ura ta ce koyarwa. Ya ce rezo ne ba kyau, a sake. Ta sake cewa koyarwa. Ya koma kwamfutar kusa da ƙofa, wai ta fi sabunta, ya biya wani kuɗin, ya yi bisimilla kafin kowace amsa. Koyarwa. Ya miƙe yana kaɗe riga: "Wannan ƴan kwantiragi ne suka haɗa ta." Ban cika yi masa dariya ba, don ni ma in dare ya yi nakan ɗan lallaɓa amsoshi har ta ce mini jakada.

Wanda ke ɓata mini rai shi ne kawu. Yarinya ta ci bak D da maki mai kyau, shi ya zauna a kujera, ita tana tsaye. Kowace tambaya shi ke amsawa. Duk da haka aikin likita ya fito, ga Jami'ar André Salifou nan Damagaram tana koyar da shi. Da ya ji karatun shekara bakwai ne ko fiye, sai ya matso: "Mushe, danna wanda ake gamawa kafin kakar baɗi." Kuma a buga masa a takarda, ya kai wa ubanta ya ce kwamfuta ce ta yanke.

Duk ranar da irinsa ya zo, injin buga takardarmu ba ya da tawada.